A Sa Hausa a Manhajar Aji Ɗaya na Makarantun Kirista

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan manhajar aji ɗaya a wata makarantar firamare ta coci da ke unguwarmu, inda ɗiyata ke karatu. Darasin addinin Kirista yana tafiya yadda ya kamata, domin yara sun haddace Addu'ar Ubangiji da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, lissafi ma ba laifi.

Damuwata ita ce, komai da Turanci ake koyarwa, alhali yawancin yaran nan da Hausa suke wasa, da ita kuma suke waƙa a sujadar Lahadi. Yaro ɗan shekara 6 zai rera aya da Turanci tiryan-tiryan, amma in ka tambaye shi ma'anarta sai ya tsaya yana kallonka. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka abin karantawa ba shi ne matsalar ba.

Ina kira ga masu makarantun coci a Kaduna su ware darasi biyu a mako don karatun Hausa, har yara su iya bambanta ƙ da k.

Wata uwa,
Sabon Tasha, Kaduna