Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Gombe Kan Kasafin Kuɗin Tarayya Da Rabon Talaka

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe, Alhaji Abubakar Shehu Abubakar III, ta hannun Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Magajin Bubayero lafiya da imani.

Mu talakawanka ne, manoma da 'yan kasuwar hatsi da leburorin da ke dako a Tudun Hatsi, da mata masu ƙananan sana'o'i na cikin gari da ƙauyukan kewaye. Mun kawo kuka ne kan muhawarar da ake yi a Abuja game da haraji da kasafin kuɗi, domin da sunanmu ake yin ta, amma ba a taɓa zama da mu ba.

Ranka ya daɗe, ba mu manta ba, a watan Oktoban 2024 gwamnonin Arewa ƙarƙashin jagorancin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya suka zauna da sarakuna a Kaduna, suka ƙi amincewa da yadda aka so raba harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka saya. Tsayuwar ta yi amfani. Dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 sun bar VAT a kashi 7.5, an cire shi daga kayan abinci da magani, jihohi kuma za su riƙa ɗaukar kashi 55 na kuɗin da aka tara, ƙananan hukumomi kashi 35. Mun gode. Sai dai duk wannan faɗan a kan wanda zai karɓi kuɗin aka yi shi. Abin da ake yi da su bayan an karɓa, shi ne damuwarmu.

An ce an yafe haraji ga wanda abin da yake samu bai wuce naira dubu 800 a shekara ba. Alheri ne ga ƙaramin ma'aikaci, kuma muna taya shi murna. Amma mai tuyar awara da mai turin baro da ma ba a yankar musu harajin albashi. Nasu harajin yana cikin kuɗin mota da na niƙa da na ban ruwa, waɗanda suka ninka tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, yana kuma cikin rasit bayan rasit da ake yanka musu tsakanin gona da kasuwa, wani ma ba rasit. Manomi kuwa abin ya zo masa ta fuska biyu. A Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da masara da wake da alkama da shinkafa na kwana 150. Mai saye ya samu sauƙi, ba mu ƙi ba, mu ma masu ci ne. Amma farashin hatsi ya karye alhali taki bai sauko ba, har da yawa cikinmu suka sayar da amfanin gona ba su mayar da abin da suka kashe ba. Wanda ya yi asara bana, wace zuciya zai koma gona da ita baɗi?

An yi mana alkawarin naira dubu 25 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. A unguwanninmu waɗanda suka gani sun fi ƙaranci, kuma ba mu san yadda ake zaɓen sunaye ba. Ciyar da 'yan firamare da aka dakatar a Janairun 2024 ta fi ba mu ciwo, don mun ga yaran da kwanon abincin nan kaɗai ke kai su aji sun koma talla. Kasafin 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, fiye da tiriliyan 14 na biyan bashi ne, lafiya kuma ko kusa ba ta kai kashi 15 na kasafi da ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mu ne muke kai mace mai naƙuda asibitin unguwa da dare, a ce mu sayo safar hannu da ruwan ƙari a waje.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba ya kira sanatocinmu 3 da 'yan majalisar wakilai 6 na jihar Gombe su zauna da jama'a a fada kafin su amince da kasafin da ke tafe, su gaya mana da Hausa da Fulatanci abin da suka sa wa ciyar da yara, da magani a ƙananan asibitoci, da taki. Muna roƙon a sa masu unguwanni da dagatai cikin tantance masu karɓar tallafi, don su suka san gidan marayu da gidan da ba a ɗora tukunya. Tun da kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna so a riƙa liƙa abin da ya shigo kowane wata da inda ya tafi a wurin da kowa zai karanta, a kuma haɗe kuɗin kasuwa ya zama rasit ɗaya sananne.

A shirye muke mu aiko da wakilai duk ranar da fada ta neme mu. Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
manoma, 'yan kasuwa da mata masu sana'a na masarautar Gombe.