Gonar Irmiya da gyaɗar mahaifiyata

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa, tare da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Na daɗe ina bin wasiƙun da kuke bugawa a kan tsadar rayuwa da rashin tsaro, kuma maganar da ta fi yawa a cikinsu ita ce "mun fid da rai". Ban ga laifin masu faɗin haka ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mudun masarar da ake kyautarwa a da ya zama abin lissafi. Ɗan fili nake roƙo in faɗi yadda mu Kiristocin arewacin Adamawa muka koyi riƙe bege.

Kalmar kanta abin dubawa ce. Bahaushe kan yi begen wanda ba ya kusa, maƙwabtana Musulmi suna begen Annabi. Mu kuwa a coci, in muka ce bege, muna nufin sa zuciya ga alkawarin Allah. Da ina ɗauka ma'ana biyu ce daban, sai da gudun hijira ya nuna mini tushensu ɗaya ne, tunda ba mai begen abin da ke hannunsa.

Ranar 29 ga Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka faɗa Kwarhi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, suka kama Mubi. Ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka watse, shugabanninmu suka koma Jos. Wata shida kafin nan aka kwashe 'yan matan Chibok 276, akasarinsu 'ya'yan ikilisiyarmu. Mu ta duwatsu muka bi zuwa Kamaru, daga can muka zagayo Yola. Mahaifiyata ta bar akwatin zannuwanta, amma ta ƙulle irin gyaɗa, bai fi rabin mudu ba, a tsumma. A kan dutse yunwa ta ci mu, na ce, "Mama, ki kwance mu ba yara." Ta ba su tafi ɗaya, ta ƙulle sauran, ta ce na damina ne. Na ji haushinta ƙwarai. Wace damina, a wace gona?

A Yola ne wani tsohon fasto, shi ma ɗan gudun hijira, ya karanta mana littafin annabi Irmiya sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare a gidan sarki Zadakiya, sai ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallan gona a Anatot. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, ya kira shaidu, ya sa magatakardansa Baruk ya ajiye takardun cinikin a tukunyar ƙasa don su daɗe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Irmiyan nan ne ya yi ta shelar cewa birnin zai faɗi, kuma ya faɗi. Bai yaudari kowa ba, bai ce babu komai ba. Ya san ƙasar za ta zama kufai, ya sayi gona a cikinta. Ina ji ana karantawa, na kasa ɗaga ido in dubi mahaifiyata.

Shi ya sa wa'azin da ya cika gari yanzu yake ci mini rai, inda ake ce wa talaka ya kawo kuɗi, bana shekarar buɗinsa ce, ba cuta ba asara. To me za a ce da Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda aka kama aka kashe a watan Janairun 2020? A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, cikin natsuwa ya yi magana, ya bar komawarsa gida ga nufin Allah. Bai komo ba. Wanda ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza, bai san abin da yake faɗa ba.

Mun koma gida a 2015, ɗaki ba rufi, rumbu toka. Wani maƙwabcinmu Musulmi, wanda shi ma ya rasa ɗa, ya ara mana shanun huɗa, mahaifiyata ta shuka gyaɗarta. Ikilisiyar tamu da aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923 ta cika shekara 100 a 2023, ko da yake Garkidan ma an ƙona mata majami'u a 2020. Tsoro bai ƙare ba. Har yau akwai ƙauyukan Madagali da ba a kwana da ido biyu rufe.

Roƙona, ranka ya daɗe, idan ruwa ya sauka ku turo wakilinku ya zaga Michika da Madagali da Askira, ya tambayi masu shuka dalilinsu. In ya biyo ta gidanmu, akwai soyayyar gyaɗa, jikar waccan ce.

Naka,
Wani mai karatu daga Mubi