Direban da Rai Ya Salwanta a Hannunsa Shi Ma Yana da Haƙƙin Kare Kansa a Kotu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da direba ke shiga idan mota ta yi sanadin rasuwar mutum a hannunsa. Da wuya mako ya wuce ba mu karanta labarin haɗari a shafukanku ba, inda ake faɗin adadin waɗanda suka rasu da waɗanda suka jikkata, sannan a rufe da cewa direban yana hannun 'yan sanda. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Ni na san abin da ke biyo bayan wannan shiru, domin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya taɓa faɗawa cikinsa.

Direban bas ne na haya, yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya. Wata ranar kasuwa da la'asar, wani magidanci ya fito daga bayan wata babbar mota da aka ajiye a gefen titi, ya shigo hanya ba tare da ya duba ba. Ƙanena ya taka birki ya kauce, amma gefen motar ya doki mutumin, kuma kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Jama'a suka fara taruwa da duwatsu, sai wani dattijo cikin fasinjojin ya ce masa ya wuce ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa, ya kuwa yi haka. A can, yana kuka, jikinsa na rawa, ya riƙa maimaita cewa shi ya kashe bawan Allahn, Allah ya yafe masa. Aka rubuta bayani da Turanci, aka miƙa masa ya sa hannu, alhali ba ya iya karanta abin da ke jikin takardar. Wannan takarda ita ce ta zame mana ƙarfen ƙafa har wata 11 da ya yi a tsare.

Ranka ya daɗe, ba na musun cewa akwai direbobi masu laifi, kuma suna da yawa. Duk mai bin hanyoyinmu ya san gudun wuce sa'a, da lodin da ya fi ƙarfin mota, da tsere tsakanin direbobi, da masu shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke su. Ƙa'idar hanya ta ce bas ɗin haya kada ya wuce kilomita 50 cikin sa'a ɗaya a cikin gari, kada ya wuce 90 a tagwayen hanya, amma masu kiyaye wannan kaɗan ne. Irin waɗannan direbobi doka ta tanadar musu hukunci mai nauyi. Sashe na 20 na dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta shekarar 2007 ya ce wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7, kuma dokar manyan hanyoyin tarayya ma tana da irin wannan tanadi. A ƙarƙashin Final Kod (Penal Code), wato kundin dokokin hukunta laifuffuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, kisan da ya auku saboda ganganci ko sakaci yana cikin kisan da ba a yanke wa mai yinsa hukuncin kisa, amma ɗaurinsa yana iya kaiwa rai da rai. Wanda ya cancanci wannan hukunci, a yi masa shi.

Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba, har da direbobin kansu, shi ne cewa rasuwar mutum a haɗari ita kaɗai ba ta tabbatar da laifi. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya nuna wa kotu, ba tare da barin ƙofar shakka ba, cewa yadda direban ya yi tuƙi akwai ganganci ko hatsari ga jama'a a cikinsa, kuma wannan tuƙin ne ya jawo mutuwar. Shi dai wannan Final Kod ɗin, a sashe na 48, ya bayyana cewa abin da ya faru bisa tsautsayi, ba da mugun nufi ba, a lokacin da mutum yake yin halattaccen aiki ta halattacciyar hanya cikin kula da taka-tsantsan, ba laifi ba ne. Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sabunta dokokinsu har lambobin sassan sun sauya, amma ma'anar tana nan. Kundin tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Ke nan tambayar da alƙali yake neman amsarta ita ce yadda aka yi haɗarin ya auku, da kuma ko direba mai hankali zai iya kauce masa a wannan wuri da wannan lokaci.

A nan ne tarbiyyarmu take cutar da mu ba tare da mun sani ba. Bahaushe mai tsoron Allah, idan rai ya salwanta a hannunsa, kunya da nadama ba za su bar shi ya tsaya yana jayayya ba, kuma a ganinsa neman lauya tamkar guje wa alhaki ne. Idan aka karanta masa tuhuma a kotu aka tambaye shi ko ya amsa laifinsa, sai ya ce ƙwarai kuwa, shi ya buge mutumin. Abin da yake nufi shi ne motar tana hannunsa lokacin da abin ya faru, amma abin da za a rubuta shi ne ya amsa cewa ya yi tuƙin ganganci, kuma tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai shekarun rayuwar mutum. Saboda irin wannan ne tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa, ya kuma ba shi haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, Kano a 2019, ta tanadi cewa ana iya ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar tallafin shari'a, ko wani mutum da shi ya zaɓa, ta kuma hana a kama ɗan'uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Da ƙanena ya san ko da ɗaya daga cikin waɗannan, da bai sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Kariyar direba kuma a bakin titi take farawa, tun kafin a je kotu, kuma a nan ne ake yawan asararta. Zanen wurin haɗari da 'yan sandan sashen zirga-zirga ke yi, da tsawon sawun birki a kan kwalta, da inda kowace mota ta tsaya, da rahoton jami'an duba lafiyar mota da aka fi sani da VIO, su ne ke nuna gaskiya bayan kowa ya manta. Sawun birki yakan goge cikin kwana ɗaya ko biyu. Fasinjojin da suka ga komai da idonsu sukan hau wata mota su ci gaba da tafiyarsu, ba wanda ya karɓi lambarsu. Motar da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta tare wa direba gani, mai ita yakan janye ta kafin dare. Idan kuma jama'a suka fusata suka ƙona motar da ta yi haɗarin, to sun ƙona shaidar da za ta nuna ko birki ne ya shanye ko taya ce ta fashe, sun kuma ƙona abin da iyalan mamacin za su iya riƙewa wajen neman haƙƙinsu. A shari'ar ƙanena, abin da ya cece shi shi ne zanen da ya nuna inda babbar motar take tsaye, da kuma fasinjoji biyu da lauya ya gano ta takardar rajistar tasha, suka zo suka faɗi abin da suka gani.

Dole kuma in faɗa wa 'yan'uwa direbobi gaskiya a kan maganar lalacewar mota, domin ita ce hujjar da kowa ke saurin kawowa. Idan birki ya shanye farat ɗaya, ba tare da wata alama da direba mai kula zai iya lura da ita ba, kotu tana iya karɓar wannan a matsayin kariya. Amma idan direba ya san birkinsa yana ciwo, ya san tayarsa ta suɗe, ya ɗauki fasinja ya hau hanya domin mai mota yana jiran kuɗin balas, to sanin da ya yi shi ne zai zama hujja a kansa. Mai motar da ya ƙi gyara yana gida yana barci, yaron da ya tura shi ne a bayan kanta. Ina ganin lokaci ya yi da masu bincike za su riƙa ɗaga kai su dubi masu motocin su ma.

Babban abin da ke karya direba shi ne jira. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Sau da yawa ana kai shi, amma gaban kotun majistare da ba ta da hurumin sauraron tuhumar da aka rubuta, sai a tura shi gidan gyaran hali a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Laifin da hukuncinsa ba kisa ba ne kotu tana da ikon ba da beli a kansa, sai dai fayil ɗin da babu mai bibiyarsa ba ya motsi. Akwai Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, amma mu ba mu ji labarinta ba sai bayan mun sayar da fili. Ƙungiyoyin direbobi, waɗanda ke karɓar kuɗi a hannun kowane direba kullum ta Allah, ya kamata kowane reshensu ya kasance yana da lauyan da za a kira a sa'ar farko.

Kada wani ya ɗauka cewa kare direba a kotu tauye haƙƙin mamaci ne. Addininmu ya bambanta kisan ganganci da kisan kuskure, kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya ga iyalan mamaci, sai fa idan sun yafe, tare da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Malaman fiƙihu sun ƙiyasta diyya da raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinare, suka kuma ɗora biyanta a kan dangin wanda ya yi kuskuren, a rarraba cikin shekara 3. Sulhu abu ne mai kyau, kuma jama'armu suna da saurin cewa sun bar wa Allah. Sai dai akwai abubuwa biyu da ake mantawa. Yafiyar iyali ba ta rufe shari'ar gwamnati da kanta, domin laifin tuƙin ganganci hukuma ce ke gabatar da shi, saboda haka dole a rubuta sulhun a kai shi gaban kotu, in ba haka ba direba zai biya abin da ya biya ya kuma ci gaba da zama a tsare. Sannan diyya gado ce, kuma malamanmu sun sha faɗa cewa baffa ko kawu ba shi da ikon yafe rabon maraya don kawai a ce masa mai haƙuri. Akwai kuma inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota domin wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Mutane da yawa suna ɗaukarta takardar nuna wa jami'an hanya ce kurum, har wasu na sayen ta bogi, alhali ta gaskiyar ita ce za ta iya share wa gwauruwa da marayu hawaye ranar da abin ya faru.

Kotu ta wanke ƙanena ta sallame shi. Duk da haka ya yi azuminsa na wata biyu, mu kuma dangi muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka kai wa 'ya'yan marigayin, kuma har yau muna gaisawa da su. Bai sake komawa doguwar hanya ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne wakilanku su riƙa rubuta cewa ana zargin direba da tuƙin ganganci maimakon su yanke masa hukunci a kanun labari tun kafin jami'ai su gama auna wurin, kuma idan kun ba da labarin kama shi, ku bi shari'ar har ku ba da labarin yadda ta ƙare. Ina kuma roƙon ku ware wani fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda lauya da malamin fiƙihu za su yi wa direbobi da iyalan waɗanda haɗari ya rutsa da su bayani da Hausa a kan abin da ya kamata kowannensu ya yi tun daga ranar farko.

Wassalam.

Naka mai bibiyar jaridarku,
daga Zariya, Jihar Kaduna.