Shawara ga masu koyon injin sassaƙa ƙarfe

Malam Edita,

Matasan Damagaram da ke sha'awar injin sassaƙa ƙarfe, wato injin da ke juya ƙarfe wuƙa tana sassaƙa shi, su fara da sanholo ko tagulla, sun fi laushi. Wurin masu tsofaffin ƙarafa a tafi da magagari: in ya zame bai ci ba, ƙarfen mai tauri ne, kamar sandar shokin mota, zai dakushe wuƙar injin. Irin wannan sai a gasa shi ya yi ja, a binne cikin toka ya huce a hankali.

Kada tsawon ƙarfen da ya fito daga bakin injin da ke riƙe shi ya wuce kaurinsa sau 3, in ba haka ba zai yi ta karkarwa. Ƙarfe mai kaurin milimita 25, juyi 350 a minti ya ishe shi. Ƙurar hunturu kuwa, in ta haɗu da mai, cinye layin da mariƙin wuƙar injin ke tafiya a kai take yi; a riƙa rufe shi.

Naku,
Mai karatu, Zinder