Majami'ar Wusasa Ba "Ginin Turawa" Ba Ce

Malam Edita, barka da aiki.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Sau uku na ƙirga mai gabatarwa yana kiran tsohuwar majami'armu ta St. Bartholomew "ginin Turawa". Ko ya taɓa taka Wusasa kuwa? Daga cikin garin Zariya ɗan acaɓa ma zai kai shi.

Ba wanda ya musa cewa Likita Mila ne ya kafa mishan a birnin Zariya a 1905, aka kuma dawo da ita Wusasa a 1929. Amma wane Bature ne ya iya dunƙula tubali? Wanne ne ya san jera azara, ko ɗaura bakan gizo har ya riƙe rufin soro? Ginin ƙasa ne irin na Zazzau, kuma hannun maginanmu ne ya ta da shi. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ɗaga kai, in ya zo nan zai gane dangin aikin.

A ciki aka yi mini baftisma. Ina yaro kaka ce ke jan hannuna zuwa sujada, in jingina da bango ina jin sanyinsa a gadon bayana, waje kuwa rana na ƙuna. In hadari ya fara haɗuwa, ita ce ke tsare samari da faɗa sai sun hau sun duba indararo. Da Hausa muke waƙa, da Hausa ake karanta mana Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta fito tun 1932. To ina turancin yake? Wannan lafazi naku shi ke sa har gobe ake tambayata a kasuwa, wai yaya aka yi na iya Hausa haka. Ni da aka binne cibiyata a ƙasar Zazzau!

Kun ɓata minti biyar kan cewa Janar Yakubu Gowon ya tashi a Wusasa. Wa bai sani ba? Maginan fa, ko kalma ɗaya?

Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir ɗin nan. Ana tsakiyar hira da dattijo sai ku yanke shi, in an dawo kuma an wuce wurin.

Ina jiran gyara ranar Lahadi mai zuwa.

Mai sauraronku,
daga Wusasa, Zariya