Wasiƙa a kan kalmar penury

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can?

Na ga tambayarka a kan penury da ka ci karo da ita a takardar da kake fassarawa. Kada ka ce "talauci" kawai, za ka rage mata nauyi. Talauci shi ne poverty, mai hannu baka hannu ƙwarya ma yana ciki. Penury kuwa fatara ce, wadda tukunya ke kwana ba a ɗora ba. In kana tuna karatunmu na zakka, a mazhabar Malikiyya faƙiri yana da ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, miskini ba shi da komai. To, halin miskinin nan take nufi.

Asalinta Latin ne, penuria, wato ƙarancin abu. Ta shiga Turanci wajen ƙarni na 15. Wasu na zaton daga penny ta fito saboda kamar sauti, amma babu dangantaka, penny tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai tushe ɗaya da takwararta ta Jamusanci. A furuci, gaɓar farko ake dannawa: PEN-yu-ri.

Ba a sa mata "a" ta Turanci a gaba, ba a yi mata jam'i. Yawanci za ka gan ta a died in penury ko reduced to penury, ta biyun kan nuna wanda da yake da hali sannan ya karye. Kalmar rubutu ce, ta jarida da littafin tarihi, da wuya ka ji ta a bakin mai hira. Rahoton Bankin Duniya kuma extreme poverty yake cewa, don ita ce ke da ma'auni: dala 2.15 a rana tun 2022, aka mai da shi dala 3 a 2025. Penury ba ta da sikeli.

Inda masu fassara ke zamewa shi ne siffarta, penurious. Tana nufin matalauci, tana kuma nufin marowaci. Attajiri mai maƙo, wanda ke ƙirga ƙwayar shinkafa kafin a dafa, ana iya kiransa penurious. Sai ka duba jimlar da kyau kafin ka mai da mai rowa abin tausayi.

A takardarka dai, ni "fatara" zan sa. Turo min sakin layin gaba ɗaya in duba.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka,
amininka