Ɗalibanmu su fara gano matsala kafin su zaɓi taken bincike

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin ɗalibanmu da ke karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka da kuma ta jiha da ke Ojo, musamman masu shirin rubuta kundin digiri. Abin da ke damuna shi ne, da yawansu sukan kawo take mai faɗi kamar "Kasuwancin Hausawa a Legas", suna ganin sun samu matsalar bincike, alhali fage kawai suka nuna.

Matsalar bincike abu ne takamaimai da ke faruwa, wanda rubuce-rubucen baya ba su warware ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Mile 12 da asuba ya ga ana sauke tumatirin da aka ɗauko daga Kano, ya san yadda kwandunan da aka jera daga ƙasa ke isowa a matse, ruwa yana ɗiga daga gindinsu. Daga nan tambayoyi ke fitowa da kansu: kashi nawa ke lalacewa a hanya, wa ke ɗaukar asarar tsakanin manomi da dillali, kuma me ya hana 'yan kasuwa da yawa komawa ga akwatunan roba? Kowace daga cikinsu ana iya amsa ta ta hanyar awo da hira da masu sana'ar.

Ina kira ga malamai masu duba kundi da kada su amince da take sai ɗalibi ya karanta ayyukan magabata, ya kuma rubuta tambayoyin da ba su wuce uku ko huɗu ba.

Naka,
Wani malami daga Agege, Legas